Ni da Dire Straits, da Wani Kaset da Ba Nawa Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2007 ya gabatar a wajen walimar shekara-shekara ta ƙungiyarmu

Mai girma shugaban wannan zama, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu fita, abokan karatuna, da ƙannenmu da ke can baya suna jiran a gama surutu a raba abinci, ina yi muku barka da yamma.

Ranar da sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce an sa ni cikin masu magana bana, na tambaye shi a kan me zan yi maganar. Ya ce duk abin da na ga dama, in dai ba siyasa ba ce, kuma in dai ba roƙon kuɗi ba ne, domin wannan akwai wanda aka ware wa. Na san abin da ake tsammani daga bakin ma'aikacin gwamnati, wato ya tashi ya yi bayani a kan aikin gwamnati da ci gaban ƙasa. To, shekarata 11 ke nan ina tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma in na ce zan ba ku labarinsa, kafin in kai rabi malamanmu za su yi abin da suka sha dukanmu a kansa, wato barci a cikin aji. Saboda haka na zaɓi abin da mutanen ɗakin kwananmu suka san ni da shi, har suka laƙaba mini suna Sarkin Kiɗa, alhali kuwa ko gwangwani ban iya kaɗawa ba. Zan yi magana a kan wasu makaɗa na ƙasar Ingila da ake kira Dire Straits. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa ko kaɗan, kuma ina girmama matsayinsu. Su yi mini haƙuri na 'yan mintoci, domin labarin ba duka na kiɗa ba ne.

Abin ya faro ne da sanyin farkon shekarar 2005, muna aji huɗu. Wanda ke kwana a gadon sama da nawa yaro ne marar yawan magana, kuma kowane dare bayan an kashe fitila sai in ji wani ɗan sauti siriri yana fitowa daga cikin bargonsa, kamar kukan sauro. Wata rana na kasa haƙuri na taɓa ƙarfen gadon na ce, kai, mene ne wannan? Bai ce mini komai ba. Sai kawai na ga waya ta sauko ta gefen gado, da abin sa wa a kunne guda ɗaya a bakinta. Shi ya riƙe ɗaya, ni ya ba ni ɗaya. Haka muka yi ta yi har muka gama makaranta, shi da kunnen dama, ni da na hagu.

Kaset ɗin na mahaifinsa ne. Direban babbar mota ne, yana bin hanyar Kano zuwa Damagaram har Agadas, kuma a tashar Agadas ya saye shi. Allah Ya yi masa rasuwa a hatsarin mota tun abokina yana firamare, Allah Ya jiƙansa. Ba wani hoto a jikin kaset ɗin, ba sunan mawaƙa, sai kalmomi biyu da marigayin ya rubuta da hannunsa cikin ajami: kiɗan hanya. Saboda haka mun yi wata da watanni muna sauraren mutanen nan ba mu san ko su wane ne ba. Batir kuwa shi ne babbar matsalarmu. Mu shanya shi a rana, mu cije shi da haƙori, in za mu mayar da waƙa baya mu zura biro mu yi ta juyawa, duk don kada ya ƙare. Sau da yawa kuɗin kwaki da sukari shi ya tafi wajen mai batir, muka rungumi gabza.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani dare muka yi gangancin zuwa da rikodar wajen firef, malamin da ke kan aiki ya kama mu, ya kuwa ƙwace. Malamin Turanci ne, ga shi can zaune a layin gaba, yana murmushi, da alama ya tuna. Washegari aka ce yana kiranmu ɗakin malamai. Muka saka gajeren wando uku-uku muka tafi. Da muka shiga sai muka tarar da kaset ɗin a kan teburinsa, ya dube mu ya ce, kun san abin da kuke ji? Muka ce a'a. Ya ce sunansu Dire Straits, shi ma ya saurare su lokacin yana jami'a, kuma mai kaɗa jitar nan malamin Turanci ne kamarsa, sai dai shi ya samu hanya ya gudu. Daga nan ya yanke mana hukunci: mu zaɓi waƙa ɗaya, mu rubuta duk abin da aka faɗa a cikinta, sa'an nan mu yi bayanin ma'anarta da namu Turancin. Mako uku muna wannan aiki. Malam, ranku ya daɗe, yau zan gaya muku gaskiya: da kun yi mana bulala shida da ta fi mana sauƙi, domin mutumin nan ba ya buɗe baki in yana waƙa. Amma ban taɓa koyon sauraren Turanci ba kamar a makonnin nan uku, kuma ɗan abin da na samu a jarrabawar ƙarshe, rabinsa daga nan ya fito.

To, su wane ne su? A shekarar 1977 aka kafa ƙungiyar a unguwar Deptford da ke kudancin birnin Landan. Su huɗu ne: Mark Knopfler mai waƙa da jita, ƙanensa David shi ma da jita, John Illsley mai jita mai kaurin murya, da Pick Withers mai ganguna. Ma'anar sunan a Turanci ita ce matsanancin hali, wato mutum ya shiga tsaka mai wuya, kuma ba don ado suka ɗauke shi ba, halin da aljihunsu ke ciki ke nan. An haifi Mark a 1949 a birnin Gilasgo, ya tashi a arewa maso gabashin Ingila wajen Newcastle. Ya yi aikin jarida a birnin Leeds, ya yi digirin Turanci a jami'ar garin, sa'an nan ya koyar a wata kwaleji. David kuwa ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Kun ga ashe mutanenmu ne, masu jiran ƙarshen wata.

Suka harhaɗa 'yan kuɗinsu suka ɗauki waƙoƙi biyar na gwaji, suka kai wa wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Landan, Charlie Gillett, don ya ba su shawara. Maimakon shawara sai ya sa ɗaya daga ciki a rediyo, mai suna "Sultans of Swing". Kafin a ce haka kamfanonin faifai sun fara nemansu. Faifansu na farko ya fito a 1978, kuma a 1979 waƙar nan ta kai ta huɗu a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka. Abin lura shi ne, a zamanin nan yayin da ake yi a Landan shi ne kiɗan hayaniya da ihu, samari suna yaga riguna suna zagin kowa. Sai ga wani malamin makaranta, gashin goshi ya fara zubewa, yana kiɗa a natse kamar mai ba da labari a dandali.

Wannan waƙa ita muka zaɓa a hukuncin Malam, kuma har gobe ita ce tawa. Labarinta shi ne, wani dare ana ruwa Mark ya shiga wata mashaya ya tarar da wasu makaɗa suna ta kiɗa, masu sauraro ba su taka kara sun karya ba, waɗanda ke wurin ma ba su damu da su ba. Da suka gama sai shugabansu ya sanar da sunan ƙungiyarsu, suna mai girma irin na sarakuna, a wurin da ba kowa. Wani zai yi musu dariya ya wuce. Shi kuwa sai ya yi musu waƙa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya san aikinsa amma ba ya neman a yaba masa, wancan yana da aikin da yake yi da rana. Ina aji huɗu abin da ya ja ni shi ne gudun yatsun da ke ƙarshen waƙar. Sai da na fara aiki na gane sauran. A ofishinmu akwai wani dattijo mai kula da rajista, ya fi shekara 30 a ɗaki ɗaya, babu fayil ɗin da za ka tambaye shi bai san inda yake ba, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a wajen wani taro ba. Duk sa'ad da na ji waƙar nan yanzu, shi nake gani.

A nan ne nake ganin Mark Knopfler da marigayi Ɗanmaraya Jos sun yi tarayya, ko da yake na san wasu za su ce na haɗa doki da jaki, kowa kuma da wanda zai kira dokin. Ɗanmaraya ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba mai kallonsa sau biyu. Shi ma wannan haka yake, mutanen waƙoƙinsa su ne mai sassaƙa da ya mutu ba a san darajarsa ba, da mai kiɗa a bakin hanya, da lebura, da soja. Hatta kiɗan nasu akwai kama. Yawancin makaɗan jita suna amfani da ɗan tsinken roba, shi kuwa da fatar yatsunsa yake taɓa tsirkiya, babban yatsa da biyu na kusa da shi, shi ya sa sautin ke fita da taushi kamar muryar mutum. Daɗin daɗawa bahago ne, amma da dama yake kiɗa. Muryarsa dai ba murya ba ce, in gaskiya za a bi. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, sai ya faɗi rabin zance ya bar wa jita ta ƙarasa.

Na daɗe ina mamakin abin da ya kai kiɗan Landan tashar Agadas. Daga baya na samu amsa. Ashe Abzinawa masu kiɗan jita sun daɗe da riƙe mutumin nan. Bombino, ɗan yankin Agadas wanda yanzu duniya ta san shi, ya sha faɗin cewa da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler ya koyi hannu. Wato mahaifin abokina ba wani baƙon abu ya saya ba, abin da ake ji a garin ya saya.

Ɗaya gefen kaset ɗin kuwa faifan "Brothers in Arms" ne na 1985, wanda ya mai da su manyan duniya. A tsibirin Montserrat aka ɗauke shi, an sayar da fiye da miliyan 30, kuma shi ne faifai na farko da aka sayar da miliyan guda nasa a kan sidi. A ranar 13 ga Yuli na shekarar suka hau dandamali a filin Wembley wajen taron Live Aid, wanda aka shirya don tara gudummawa saboda yunwar Habasha. A ranar 11 ga Yuni 1988 suka koma filin nan wajen bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku a lokacin, Eric Clapton yana taya su kiɗa. Waƙar da ta fi tashe a faifan ita ce "Money for Nothing", wadda Mark ya tsinto daga bakin wani ma'aikacin kantin kayan lantarki a New York da ke kallon mawaƙa a talabijin yana ƙorafin suna samun kuɗi a banza. Ni dai ba ta cikin waɗanda nake so. Akwai kalmar cin mutunci a cikinta wadda ta jawo ce-ce-ku-ce, har a 2011 wata hukumar kula da gidajen rediyo a Kanada ta ce bai dace a sa ta haka ba, ko da yake daga baya ta sassauta. An ce ai ba shi ke magana ba, ma'aikacin ne. Na ji, amma da ya bar ta da waƙar ba ta rasa komai ba.

Waƙar ƙarshe a faifan, wadda ya ci sunanta, ita ce mai nauyi. A 1982 ya rubuta ta, lokacin yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina, kuma soja ne ke magana a cikinta, yana bakin mutuwa a wani dutse nesa da gida, yana sallama da abokan yaƙinsa. To, ga wani abu. Kaset ɗinmu mai minti 90 ne, wato 45 kowane gefe, faifan kuwa ya ɗan fi haka tsawo. Saboda haka kullum ana tsakiyar kiɗan ƙarshe sai mu ji ƙarat, zare ya ƙare. Shekara biyu da rabi ba mu san yadda waƙar ta ƙare ba. Mukan kwanta muna gardama, shi ya ce sojan ya tashi, ni in ce bai tashi ba. Sai ina aji biyu a jami'a na biya kuɗin awa guda a shagon intanet na ji ta har ƙarshe. Ba wata magana da ta rage, jita ce kawai take ta yin ƙasa har ta ɓace. Na zauna a wurin kamar an zare mini laka, kuma wanda ya kamata in gaya wa ba ya kusa. 'Yan ajinmu biyu da suka shiga soja sun kwanta dama a Arewa maso Gabas, ɗazu muka yi musu addu'a. Tun daga lokacin ba na iya sa waƙar nan in ina tuƙi.

A jami'a ne na bi sauran faya-fayansu. Guda shida suka yi a ɗakin ɗaukar sauti, kuma in za a tambaye ni, na uku, "Making Movies" na 1980, shi ne gwani, na ƙarshe kuwa na 1991 da gajiya a cikinsa. Amma waƙa guda da nake so kowa ya nema ita ce "Telegraph Road" ta 1982, mai tsawon minti 14. Sunan wata doguwar hanya ce a yankin Detroit ta Amurka. Ta fara da mutum guda da ya sauke kayansa a daji ya yi bukka, sai jama'a suka biyo, aka yi makarantu da kotuna da masana'antu, gari ya cika ya batse, daga nan aiki ya ƙare, aka bar wani magidanci yana neman abin yi babu. Duk wanda ya bi ta Kakuri a Kaduna ya ga masaƙun nan a rufe, ko ya zaga Sharaɗa da Bompai a Kano, ba ya bukatar Malam ya fassara masa.

Ƙarshensu ba daɗi, ba kuma tashin hankali. Girman ne ya ishi Mark. Bayan doguwar tafiyar wasanni ta 1991 zuwa 1992, wadda suka rufe a birnin Zaragoza na ƙasar Sifen, ba su sake zagaye ba, kuma a 1995 ya naɗe tabarmar ƙungiyar ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai. A 2018 aka shigar da su zauren girmama makaɗan rok a Amurka, bai je ba. Uku ne kawai suka halarta, har John Illsley ne ya gabatar da su da bakinsa don ba a sa kowa ba. A Janairun 2024 Mark ya yi gwanjon jitoci da kayan sauti fiye da 120 a Landan, aka tara sama da fam miliyan 8, ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu sadaka. Masu son su da yawa suna fatan su sake haɗuwa. Ni ba na fata. Wanda ya tashi daga kan tabarma da ƙafarsa ya fi wanda aka janye ta yana kai.

Abin da ya fi tsaya mini a tarihinsu shi ne na 'yan'uwan nan biyu. Ana cikin ɗaukar faifai na uku a 1980 suka saɓa, David ya fita, aka sa wani ya sake kaɗa wurarensa, sunansa bai ma fito a jikin faifan ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗaki ɗaya suka faro, amma aka shekara da shekaru ba sa ga-maciji. Na sha ɗora wa Mark laifi a raina, in ce babba ne, shi ya kamata ya nemi ƙanensa. Sai wata rana matata ta ji ina wannan magana, ta ce, kai fa?

Ga abin da take nufi. A makon da muka gama jarrabawa a 2007, na ari kaset ɗin na ce zan kwana da shi. Da safe abokina ya tambaye ni, na ce masa wani firfet ya shigo da dare ya ƙwace, ya kuma taka shi a gabana. Ƙarya nake yi. Yana ƙasan akwatina, cikin safa. Na san rabuwa za mu yi, na san ban san inda zan samu wani ba, sai zuciya ta raya mini cewa na fi shi son kiɗan. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, ba komai, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Ya ɗauki akwatinsa ya tafi tasha. Kiɗan kawai na gani a lokacin. Sai da na haifi nawa ɗan na gane cewa rubutun hannun mahaifinsa na ɗauke, kuma wataƙila ba shi da wani.

Tun daga ranar kunya ta hana ni nemansa. Ya yi aure ban je ba. An buɗe zauren ajinmu a WhatsApp, in ya yi magana sai in yi shiru. Ya taɓa turo mini gaisuwa da Sallah, na amsa da kalma biyu. Waƙoƙin nan kuwa duk suna cikin wayata yanzu, ba abin da kaset zai ƙara mini, rikodar ma ba ni da ita, amma na tashi gida sau huɗu yana biye da ni. Da sakatare ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, tambayar da na fara yi masa ita ce ko mutumin gadon sama zai zo. Ya ce ya biya kuɗinsa.

Ɗan'uwa, na hango ka tun da na hau nan, shi ya sa nake ta kallon wancan gefen. Ga shi a aljihuna. Zaren ya tsinke sau ɗaya a 2010, na liƙe shi da man farce na ƙanwata, rubutun Baba kuwa yana nan yadda yake, ban bari ruwa ya taɓa shi ba. Ban kira sunanka ba, kuma ba zan kira ba, in ka ga dama ka karɓa a nan, in ka ga dama mu haɗu a bayan zaure bayan an tashi. Firfet ɗin da na yi wa ƙazafi shi ma yana nan, ban faɗi sunansa a wancan lokaci ba amma kowa ya san wanda ake zargi da irin wannan, shi ma ina roƙonsa gafara. Ka yafe mini don Allah. Kuma gardamar nan tamu, ni na ci, sojan bai tashi ba, amma na zo da abin sa wa a kunne mai baki biyu, in kana so ka ji da kanka.

Shugaba, na ci lokaci.